Kawuna Malamin Kiɗa Ne

Ranar da Kawu ya rasu, tun kafin masu haƙa su dawo daga maƙabarta jama'a sun cika ƙofar gidansa a Bagudo, har masu babura suka koma bin bayan layi. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma shi ya koyar da ni a sakandare. Ina cikin gida wajen mata, amma katangar gajeriya ce, duk abin da aka faɗa a rumfar maza a kunnenmu yake sauka.

Kowa da yadda mutuwar ta taɓa shi. Tsofaffin malaman makaranta sun jeru a kan benci suna cewa mutum ne da bai san makara ba. Wasu Sarkawa masunta sun taso daga tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, rabin tafiya a jirgin ruwa, rabi a babur. Hausarsu ba ta da yawa, sai suka zauna gefe guda, babbansu yana ta goge ido da bakin rawani. Wata tsohuwa 'yar kudu, wadda mijinta ya yi shekaru yana buga ogan a cocinsu kafin ya rasu, ta shigo ta zube gaban Inna, mahaifiyata, tana kuka da ƙarfi. Aka ce mata nan ba a ɗaga murya. Inna ta ce, "Ku bar ta, ta san wanda ta rasa."

Bayan an dawo daga rufe shi, wani dattijo daga dangi ya miƙe zai roƙa masa addu'a. Ya ce, "Jama'a, ku yi ma malam addu'a. Malamin lissafi ne, ya koya ma ɗiyanmu lissafi shekara da shekaru." Sannan ya ƙara da cewa, "Sauran abin da ya yi da ƙuruciya kuwa, Allah shi yahe mai."

Gafara kowa yana bukatarta, ni ma na ce amin. Amma na san abin da dattijon yake rufewa, kuma duk wanda ke rumfar nan ya sani. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kawuna malamin kiɗa ne. Abin da ya karanta ke nan, abin da aka ɗauke shi aiki a kai ke nan, kuma a kansa ya kai mu muka zauna jarrabawar kammala sakandare. Lissafi daga baya aka ɗora masa. Bai ɓoye sana'arsa yana raye ba, ba zan yarda a ɓoye masa ita yana kwance ba.

Gidan su Inna ba gidan makaɗa ba ne, manoman shinkafa ne. A kwalejin horon malamai Kawu ya gamu da darasin kiɗa, ya ga ashe murya ma ana iya rubuta ta a karanta. Da ya dawo da takardar shaida, mutanen gari suka ce an tura yaro boko ya dawo maroƙi. In maganar ta kai kunnensa sai ya ce, "Maroƙi sunanka yake kira don ka ba shi. Ni sunan wa na taɓa kira?" Amma ba ya tsayawa nan, don bai yarda a wulaƙanta maroƙan ba. Sai ya ɗora da, "Shi ma maroƙin da kuke rainawa, wane ne cikinku ya yi suna ko buki babu shi?"

Dogo ne siriri, kullum da alli a gefen riga. A aljihunsa akwai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, in ya buga shi a gwiwa ya kai kunne sai ya ba shi sautin da zai fara da shi. Kuma ba ya iya jin ƙara ya ƙyale. In babur ya wuce muna aji, yakan tsaya da rubutu ya ce, "Wanga a sautin 'fa' yake kuka, jiya a 'so' yake. Wani abu ya kwance mai." Har masu gyaran babura sun san shi. Sukan ce in malam ya juyo ya bi babur ɗinka da kallo, to ka wuce gareji kawai.

Muna aji biyar aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Kwana da kwanaki garin bai san shiru ba. Masu kalangu, masu ganga, masu goge, babu wanda bai fito ba. Shugaban makarantarmu da kansa na gani a filin taro yana juyi da babbar riga a gaban masu kiɗa. Da ƙura ta lafa, takardun makarantu suka fara komawa Birnin Kebbi, shugaban kuma ya ce zai rage darussan da ba su da ɗalibai kafin ya aika da sabon jerinsa. Ya kira Kawu ofis. Tagar ofishin tana kallon ajinmu, don haka babu abin da ya wuce mu.

"Malam, sabuwar jiha likitoci take so da injiniyoyi," in ji shugaban. "Mi za mu yi da kiɗa?"

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, ranar da anka ba mu jihar, likita kunka kira fili ko makaɗi?"

Muka ji an buga tebur. Shugaban ya ce shi bai kira shi don ya yi masa rashin kunya ba. Ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo sunan ɗalibai biyar da za su zauna jarrabawar kiɗa, kowanne da sa hannun iyayensa. In ba su cika biyar ba, a rufe darasin, ya karɓi lissafi.

Huɗu ba su yi masa wuya sosai ba. Akwai 'yan mata biyu 'ya'yan mutanen kudu masu shaguna, waɗanda dama suna waƙa a cocinsu. Akwai wani Bafulatani da ya iya busa sarewa tun yana kiwo, da wani ɗan masunta. Na biyar ne ya gagara. Kawu ya bi gida gida, wasu su ba shi ruwa su sallame shi, wasu ko zaure ba su bari ya zauna ba. Saura kwana uku wata ya ƙare, na same shi a ɗakin malamai na ce ya rubuta sunana. Gaskiya ba don ina da murya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na ga wasu malamai suna dariya in ya juya baya.

Ya dube ni ya ce, "Babanki ya sani?"

Na ce a'a.

"To ba ni rubutawa sai ya sani. Ba ni yin darasi da sata."

Da la'asar ya zo gidanmu da takardar. Baba ya dawo daga gonarsa ta Matsinkai ke nan, ko ƙafa bai wanke ba. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗiyata ba zabiya ba ce."

"Ban ce zan maishe ta zabiya ba. Karatu ne, da littafi, da jarrabawa."

"Karatun mi? Waɗanga ɗige-ɗigen naka kamar ƙwan kifi bisa taru?"

"Zo ka zauna aji rana guda. In ka ji an roƙi wani, ko an yi batsa, ka kama hannunta ku fita, ni kuma in aje aikin."

"Ba ni zuwa, kuma ba ni sa hannu."

Inna tana bayan ƙofa tana ji. Ta fito da mayafinta ta tsaya tsakanin mijinta da yayanta, ta juyo gare ni ta ce, "Ke, kina so, ko tausayin kawunki ne?" Na ce ina so. A lokacin rabin maganar ce gaskiya, daga baya ta cika. Ta tambayi Kawu ko takardar uba kaɗai ta ambata. Ya ce ta ce uba ko uwa. Ta ce a kawo tawada. Ba ta ɓuya ba, ba ta jira Baba ya fita ba. A gabansa ta dangwala babban yatsanta, ta ce da Baba, "Malam, ka yi haƙuri. Ni ma na sha wahalar haihuwarta." Baba ya dubi Kawu ya ce, "Ka shigo gidana ka raba mini kan iyali. Daga yau tsakanina da kai sai sallama." Haka kuwa aka yi. Shekara da shekaru in sun haɗu a masallaci ko wajen jana'iza, sallama ce kawai, kowa ya kama gabansa.

A unguwa aka laƙaba mini suna zabiyar boko. In na je ɗibar ruwa sai in ji wata ta ce, "Ku ba ta hanya, kada muryar ta ɗauki sanyi." Na kai ƙara wajen Kawu ina hawaye. Ya ce, "Sun ce ki daina?" Na ce a'a. Ya ce, "To suna kawai sunka ba ki, kuma kyauta. Ɗauko littafinki."

Ashe cikin mu biyar ni ce mai mataccen kunne. Jarrabawar kashi uku ce. Akwai ta rubutu, akwai ta saurare, inda za a sa kaset ka rubuta abin da ka ji, sannan akwai ta yi a gaban mai jarrabawa. Rubutun ba ya ba ni wuya, amma in aka buga sauti biyu makusanta, ni duk ɗaya nake jin su. Kawu ya gane tun makon farko, bai taɓa faɗa a gaban sauran ba. Sai ya riƙa cewa in raka shi kasuwa bayan an tashi. Mu tsaya wajen injin niƙa ya ce, "Saurara. Yanzu babu hatsi a ciki. To ga shi an zuba. Ya hau ko ya sauka?" Mu je bakin gulbi inda mata ke wanki, ya sa in saurari tulu yana cika, yadda kukansa ke hawa har ya kai baki. Wata uku muna haka. Ranar da na fara cewa "ya sauka" kafin ya tambaya, ya cire hularsa ya mayar, ya saya mini rake.

Sai maganar ogan. Dole ɗalibi ya san yadda ake taɓa shi, makarantarmu kuwa ba ta da ko ɗaya. Wanda ke garin kaf na cocin mutanen kudu ne, ƙarami mai fedar ƙafa, kuma mai buga shi abokin Kawu ne, mai sayar da kayan keke a kasuwa. Nan take magana ta zaga gari cewa malam zai kwashi 'ya'yan Musulmi ya kai su coci. Kawu bai tsaya musu da kowa ba. Ya roƙi abokinsa, abokin ya roƙi dattawansu, suka yarda. Kowace Litinin da hantsi sai ya ɗora ogan a amalanke ya turo shi da kansa ta tsakiyar kasuwa zuwa makaranta, ranar Asabar ya mayar musu da shi kafin ibadarsu ta Lahadi. Akwai hanyar bayan gari, ya ƙi bin ta. In masu teburi suka fara yi masa ba'a sai ya ce, "Ku matsa, darasi zai wuce." Wani ya taɓa tambayarsa ko ba ya jin kunya, malami guda da tura amalanke. Ya ce, "Abin kunya da dare aka kai shi. Ka ga rana ko ba ka gani ba?"

Duk hutu kuwa ba a ganinsa a gari. Yana tsallaka iyaka ya tafi wani ƙauyen masunta a bakin kogin Kwara, wajen wani tsoho da ya san waƙoƙin tuƙin jirgi da harshen Dandi. Tsohon ya rera, Kawu ya rubuta a kan layuka biyar na rubutun kiɗa. Tsohon yana ƙaunarsa, amma bai taɓa yarda takarda tana riƙe murya ba. Yakan ce malam dai yana da ƙwaƙwalwa, zanen nan na rufe ido ne.

A jarrabawar yi, an yarda ɗalibi ya kawo waƙar gargajiya tare da rubutunta. Kawu ya ba ni ɗaya daga cikin na tsohon. Shugaban makaranta ya ce wannan zubar da mutunci ne, baƙuwa za ta taso daga nesa a tare ta da waƙar masunta. Kawu ya buɗe masa littafin tsarin jarrabawa ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce ya nuna masa inda aka ce ban da masunta. Ranar jarrabawar ma Kawu har tsohon ya ɗauko a bayan babur. Shugaban ya ce baƙo ba ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma a nan yana da gaskiya. Aka shimfiɗa wa tsohon tabarma a gindin bishiyar bedi, nesa kaɗan da taga, Kawu ya zauna tare da shi.

Mai jarrabawar wata mata ce daga can kudu, mai tabarau, ba ta jin Hausa balle Dandi. Da na shiga na miƙa mata takardata, ta ɗaga ta ta duba, sai ta fara bin ta da murya a hankali don ta ji yadda take kafin in fara. Ba kalmomin take faɗa ba, karin kawai take bi. Ban ankara ba sai na ga inuwa a taga. Tsohon ne ya taso, ya riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu. Ya juya ya ce da Kawu cikin 'yar Hausarsa, "Wa ya koya mata?"

Kawu ya ce, "Takarda."

"Ba ta taɓa zuwa garinmu ba?"

"Jiya ta fara ganin gulbin ga."

Tsohon ya saurare ta har ta kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Ta yi daidai. Wuri guda ne ta yi sauri. Ba ta taɓa tuƙi gaba da ruwa ba." Matar ta tambayi abin da ya ce, aka fassara mata. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce a gaya masa ta karɓi gyara. Sannan ta sa aka rufe tagar, ta ce in fara. Na soma, da na zo wurin nan da tsohon ya ambata, na ja shi a hankali yadda Kawu ya koya mini, kamar mai dannan filafili cikin ruwa mai ƙarfi.

Da sakamako ya fito, mu huɗu muka ci. Wanda ya faɗi shi ne Bafulatanin, wanda ya fi mu duka iya busa. Turancin takardar rubutu ne ya kayar da shi. Kawu bai aika a gaya wa iyayensa ba. Ya taka da ƙafarsa har rugarsu, ya zauna gaban mahaifinsa ya ce, "Ɗanka ya fi ni kunne. Ni ne ban koya mai rubutu yadda ya kamata ba. Laihina ne, kada ka yi mai faɗa." Ya kuma riƙe shi shekara guda yana koya masa har ya sake zama ya ci.

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba. Darasin ya ƙara 'yan shekaru yana tafiya da ƙyar, bana a sami shida, baɗi a sami uku. Abokinsa mai ogan ya rasu, aka sami shekarar da ko mutum ɗaya bai zo ba, aka rufe. Aka ba shi lissafi, ya koyar da shi tsakani da Allah har ya yi ritaya, don ba mutum ne mai yin aiki da rabin zuciya ba. Amma duk inda aka tambaye shi aikinsa, ko a asibiti, ko wajen tantance 'yan fansho, amsarsa guda ce. Wani ma'aikaci ya taɓa ce masa takardarsa ta ƙarshe lissafi ta nuna. Ya ce, "Aron ni anka yi. Rubuta kiɗa." Tsallaka iyakar ma bai daina ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi hawan babur. Da tsohon masuncin ya rasu aka tarar jikokinsa ba su riƙe waƙoƙin ba, Kawu ne ya koma da littattafansa ya zauna ya mayar musu da abin kakansu baki da baki.

Ni yanzu malama ce a Kamba, Hausa nake koyarwa. Har yau akan tambaye ni me kiɗan ya tsinana mini. Nakan ce ya koya mini saurare, kuma ya koya mini tsayawa a kan abu ko da gari duka yana dariya. Wanda bai gamsu ba, ba ni da ƙari.

Bayan sadakar uku, maza suka zauna a zaure kan kayansa. Aka fito da wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa, cike da littattafan da ya rubuta da hannunsa. Babban ɗansa ya ce shi bai san yadda zai yi da su ba, ba mai iya karanta su a gidan. Sai wani ya ce abin da ya fi alheri a ƙona su, kada su bi mamaci da nauyi. Na ji wasu suna cewa haka ne. Ban san lokacin da na tashi daga wajen mata ba. Na ja mayafi na tsaya a bakin zaure na yi sallama, na ce wanda zai ƙona su ya fara gaya mini abin da ke rubuce a shafi guda, in ya san haramun ne. Aka fara cewa in koma ciki, wannan ba zaman mata ba ne.

Baba yana can kusurwa a kan tabarma. Ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake tashi, kuma tun da aka yi rasuwar ban ji ya ce komai game da Kawu ba. Ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu.

Ya ce, "Duk cikinku babu wanda ya yi gaba da mutumin ga kamar ni. Kan takardun ga munka ɓata, kuma har gobe ban ce ina son su ba. Amma shekarun ga duka ina sa mai ido in kama shi da ƙarya ko da abin kunya, ban samu ba. Wanda zai sa musu wuta, shi jira in mutu tukuna." Ya juyo inda nake tsaye. "Ke, ba ke kika iya karanta su ba? Ɗauki kayanki."

'Ya'yan Kawu biyu suka ɗauki akwatin suka ɗaure mini ita a bayan babur, na wuce tasha. Tana nan ɗakina a Kamba, na fara kwafe littafin farko don takardar ta soma cinyewa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da ya koyar da gaskiya ya zama shaida a gare shi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ko da rabin taurin kansa a kan abin da muka san daidai ne.